Ruwan da ke Cikin Dutsen Sarkwai

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ɗaga sama ya rataya girgije a jikinta, ya ba wani ƙishi, ya ba wani igiya da guga. Ni ne Tunau ɗan Jatau, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙa rijiya. Na sha ruwan ƙasashe goma sha ɗaya, na kafa dagina a tara daga cikinsu. Ku gyara zama in ba ku labarin guda, domin a can na yi aikin da har yau ban yi kamarsa ba.

Ina ɗan shekara talatin na ƙure ilimin mahaifina. Na san warin ƙasar da ke da ruwa, na san itacen da saiwarsa ba ta ƙarya, na san shurin da gara ke ginawa a kan damshi. Sai wani falke ya ba ni labarin cewa a bayan Kogin Yashi akwai wani dutse mai suna Sarkwai, wanda ruwa ke fitowa daga kafaɗarsa, can sama, inda babu rafi babu tafki. Na ce lallai sai na ga yadda ruwa ke hawa dutse. Na ɗauki dagina da igiyata da salka guda, na kama hanya.

Wata uku ina tafe kafin na iso Kogin Yashi. Kogi ne babu ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne zalla yake gudu kamar ambaliya, yana ruri, in raƙumi ya sa ƙafa ba a sake ganin ko tozonsa. Ba a ƙetare shi sai a bayan waɗansu kunkuraye masu girman rufin ɗaki. Na tarar masu fiton sun tashi saboda fari, sun bar kunkurayen kwance a gaɓa. Na hau bayan wata daga cikinsu, na yi magana, na buga, na ja, ko motsi ba ta yi ba. Ina zaune ina tunani na kwance bakin salkata zan kurɓa, sai na ga duk sun miƙo wuya suna shinshina iska. Nan na gane abin da suke so. Na jiƙa rawanina da ragowar ruwan, na ɗaura a kan dagi, na miƙa shi gaban hancinta. Ta zabura ta faɗa yashi tana bin warin, ni kuwa ina juya ta da dagin yadda nake so. Da muka kai ɗaya gaɓar na matse mata rawanin a baki, don ta yi aikinta. Na shiga ƙasar Sarkwai da salka busasshiya.

Kwana biyu ina tafiya cikin gawarwakin shanu. Ranar ta uku na hango dutsen, da gari a gindinsa. Wannan gari shi ne Walkama, garin makiyaya. Shanunsu manya ne, masu ƙaho irin wanda tsuntsaye ke saƙa sheƙa a tsakaninsa, amma duk haƙarƙarinsu ya fito. Shekara biyar ke nan ko yayyafi ba a yi ba. A tsakiyar gari na ga mata sun yi dogon layi a bakin wata magudanar dutse da ta sauko daga sama, ruwan da ke cikinta bai fi kaurin zare ba. A gefe guda maza na wasa bakin masu. Nan ƙishi ya ci ƙarfina, na zube.

Na farfaɗo na ga wata dattijuwa doguwa, baƙa, tana ɗiga mini ruwa a baki daga moɗa. A hannunta akwai sandar kiwo mai ƙaramar ƙararrawa. Ita ce Kyallu, wadda suke kira Uwar Garke, domin tun rasuwar mijinta ita ke yanke maganar garin.

Ta ce, "Baƙo, daga ina, kuma me ka zo nema a ƙasar da mutanenta ke gudu?"

Na ce, "Inna, ni mahaƙin rijiya ne. Na zo ganin ruwan da ke hawa dutse."

Ta dubi dagina, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Ka makara. Mutanen Zungai sun datse shi." Ta nuna sama da sandarta, inda na hango gidaje sassaƙe a jikin dutsen. Ta gaya mini cewa tun kakanni marmaron guda ne, mutanen Zungai, masu sassaƙa dutse, su sha a sama, ragowar ta gangaro wa Walkama. Da fari ya tsananta ruwan ya riƙa raguwa. Wata biyu da suka wuce samarin Walkama suka hau don su fasa madatsar, aka yi faɗa, aka dawo mata da gawar ɗanta Mati.

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabo a goshi ya matso. Shi ne Gagare, ƙanen mijinta, jagoran samari. Ya ce, "Yaya, ki daina ɓata ruwa a kan baƙi. Nan da kwana bakwai za mu hau, kuma wannan karon ba za mu sauko da ƙishi ba."

Na miƙe zaune na ce, "Ku ba ni kwana biyu in hau in dubi madatsar. Idan akwai ruwa a bayanta, ni na san yadda ake fasa bango ba tare da an rasa rai ba."

Kyallu ta ce, "Je ka."

Matakala ɗari tara aka sassaƙa daga Walkama zuwa Zungai. Ban kai ta ƙarshe ba aka cafke ni, aka kai ni gaban Barmo, Sarkin Dutse. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk sun kanannaɗe saboda riƙon guduma.

Ya dubi dagina ya ce, "To, ga shi Allah ya kawo mana shi. Kai ne mahaƙin da suka ɗauko ya huda mana dutse ta ƙasa, suna zuƙe ruwanmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya na iso ƙasar nan. A ƙasa cewa suke ku kuka datse."

Ya ce, "Bangon da suke kira madatsa kakan kakana ya gina shi. Ba mu ƙara masa ko tsakuwa ba. Ku kai shi bakin kwazazzabo ku tura shi."

Hanyar kwazazzabon ta bi ta gefen matarar ruwansu. Babban kwami ne da aka fafe a dutse, ruwan cikinsa bai wuce gwiwa ba, kuma shi ke nan abin da ya rage wa garin. A tsakiyarsa akwai wani ginshiƙi da suke auna ruwa da shi. Masu riƙe da ni suka ɗan sassauta, domin hanya ta yi ƙunci. Na fizge, na yi tsalle guda na dira a kan ginshiƙin. Nan take masu suka tashi, bakuna suka ɗame.

Na ce, "Ku harba. Zan faɗa cikin ruwan nan da jinina da kayan cikina, ku ga wanda zai sha bayan kwana biyu."

Babu hannun da ya motsa. Barmo ya zo bakin kwamin ya tsaya, ya harɗe hannuwa. Ya ce, "Ba za ka kwana a kan dutsen nan ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kwana na zo yi ba. Ku kuna cewa an huda, su suna cewa an datse, kuma babu wanda ya shiga ya duba. Ka bar ni in shiga ta maƙogwaron marmaron, da shaida guda daga nan, guda daga ƙasa. In na tarar da huda, ka tura ni kwazazzabon da hannunka."

Jama'a suka yi ta gunaguni, domin a wurinsu babu mai shiga cikin Sarkwai ya fito. Barmo ya ce, "Ba zan aika ɗan kowa ba. Ni zan je." Aka aika ƙasa. Washegari da hantsi sai ga Kyallu ta hawo matakala ɗari tara ita kaɗai da sandarta. Ta wuce bangon da aka kashe ɗanta a gindinsa ba ta dube shi ba. Ita da Barmo ba su gaisa ba.

Muka kunna fitilun mai, muka shiga da rarrafe, ni a gaba, Barmo a tsakiya, Kyallu a baya. Rabin yini muna jan ciki a cikin laka. Sai ramin ya buɗe, muka miƙe tsaye a bakin wani kogo wanda garin Walkama duka zai shige cikinsa. A ƙasanmu ga tafki shimfiɗe, baƙi wuluk, cike da waɗansu kifaye marasa ido masu haske kamar garwashi, har muna ganin juna ba da fitila ba. Daga rufin kogon ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, a wurare dubu. Na ɗaga fitila na duba dutsen, na ga duk ƙofofi ne ƙanana kamar soso. Ashe ƙwanƙolin Sarkwai ne ke tatsar gajimaren da ke gogar sa, ya tace, ya tara a cikinsa. Ruwa ba hawa dutsen yake ba, sauka yake. Abin da na yi tafiyar wata uku don in sani ke nan.

Na nuna musu jikin bango, inda tsohon ruwa ya bar zane. Tafkin ya ja baya gaba biyu daga bakin ramin da muka shigo, ɗan abin da ke fita waje kuwa ɗigon rufi ne kawai. Na ce, "Ga ɓarawonku. Babu huda, babu madatsa. Gajimare ya yi ƙaranci, tafki ya sauka ƙasa da ƙofarsa."

Barmo ya ce, a hankali, "Ashe a kan banza."

Ya matsa don ya leƙa zanen da kyau, ƙafarsa ta zame, ya gangara har bakin ruwa, ƙwaurinsa ya karye. Ƙarar da ya yi ta cika kogon. Sai muka ga kifayen sun watse gefe biyu, wani abu fari yana tahowa ta tsakiyarsu. Kada ne, fari fat, tsawonsa ya kai raƙuma huɗu, kuma babu ido a kansa. Na lura duk inda Barmo ya yi nishi, can yake karkata. Na sauka na toshe wa tsohon baki da tafina. Na yi wa Kyallu nuni da sandarta. Ta gane, ta tsinke ƙararrawar ta miƙo mini a dunƙule cikin gefen zanenta. Na rataya ta a bakin ƙwaryar abincinmu, na ɗora ƙwaryar a ruwa, na tura ta da ƙarfi. Ta tafi tana rangaji tana kaɗawa. Kadan ya juya ya bi ta. Muka ja Barmo zuwa wani tudu, Kyallu ta ɗaure masa ƙafar a jikin sandarta yadda take ɗaure ta maraƙi, ba ta ce masa sannu ba.

Na ce zan zaga tafkin in ga zurfinsa, Kyallu ta biyo ni. Can ɓangaren yamma na ji iska mai ɗumi na busa mini kunci ta wata tsaga. Na kara kunne. Kukan shanu nake ji. Kyallu ta kara nata, ta ce, "Wannan muryar farar saniyata ce. Kwarin da muke kiwo ne a bayan bangon nan."

Na ƙwanƙwasa dutsen da dagi, na saurari amsarsa. Da na san abin da zai biyo baya da na yi shiru, amma bakin mai sana'a ya riga hankalinsa. Na ce, "Bangon bai fi gaba goma sha biyu ba. In aka haƙo daga kwarin, za a ɓullo a gindin tafkin."

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Da mutum ashirin, kwana tara."

"Su fa na sama?"

"Ko ɗigo ba za su sake gani ba. Tafkin duka zai zubo muku. Zai riƙe ku shekara biyu, wataƙila uku, sannan ya ƙare."

Ta dafa bangon da hannu biyu, ta jingina goshinta. Ta ce, "Mati ba ya faɗa. Tulu ya hau da shi, ba mashi ba." Daga can nesa muka ji muryar Barmo ƙasa-ƙasa, yana tsoron kada, yana cewa, "Uwar Garke, kuna nan?"

Sannan ta ɗago ta ce mini, "Ɗan nan, ka ce kai gwani ne. Nemo wata hanyar."

Na riga na gan ta. A tsakiyar rufin kogon akwai wani siririn haske kamar allura, hasken rana. Na nuna mata, na ce ta saman dutse za a huda. Ta ce, "Abin da muka ji a nan, ni da kai ne." Muka koma muka ɗauki Barmo, muka fito da shi muna ja muna hutawa.

Bayan kwana biyu aka taru a tsakiyar matakala, Zungai a sama, Walkama a ƙasa, ni a tsakani. Na gaya musu abin da muka gani a tafkin, shaidu biyu suka gaskata. Na ce, "Za a huda rijiya daga kan dutse zuwa rufin kogon, gaba sittin. Babu mai iya huda wannan dutse sai mutanen Zungai. Gugan da zai shayar da gari biyu kuwa babu hannun da zai jawo shi daga wannan zurfi, sai bijiman Walkama, su ja igiya suna gangara. In babu guduma babu rijiya, in babu bijimi babu ruwa."

Gagare ya ce, "Wato shanunmu su yi wa waɗanda suka kashe Mati bauta."

Wani daga sama ya ce, "Mu kuma mu buɗe wa masu wasa masu ƙofarmu kullum. Wa zai raba ruwan? Wa zai hana su zuba wa kansu biyu su ba mu ɗaya?"

Na ce, "Guga guda ne. Ɗaya a kwamin Zungai, na biye a magudanar Walkama. Mutumin Walkama ne zai zuba wa Zungai, mutumin Zungai ya zuba wa Walkama, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa."

Aka yi ta ce-ce-ku-ce har rana ta take. Sai Barmo ya sa aka sauko da shi har matakalar da Kyallu ke tsaye. Ya cire hularsa a gaban mutanensa. Ya ce, "Uwar Garke, ni na ba da umarnin jifa ran nan. Ban san wanda dutsensa ya sami ɗanki ba, kuma ba zan nema ba, domin bakina ne ya jefa."

Kyallu ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, "Ban yafe ba, Sarkin Dutse. Ban san ranar da zan yafe ba. Amma jibi zan hawo da bijimai takwas." Ta juya ga ƙanen mijinta ta ce, "Gagare, kai za ka kora su."

Kwana arba'in da uku muna haƙa. Na auna wurin da kaina, mutanen Zungai suka yi ta sara dare bai same su a rami ba, rana ba ta fito ta tarar da su a gida ba. Matan Walkama suka ɗinka guga da fatun shanun da fari ya kashe, suka tufka igiya mai kaurin hannu. Ranar da muka ɓulla, guga na farko ya fito rabi, kada ya yage gindinsa. Na sa aka zura wata igiya siririya ta tsagar da haske ke shiga, da ƙararrawa a bakinta, can nesa da inda guga ke sauka. Ana kaɗa ta, kadan ya tafi can, mu kuma mu ɗiba a nan. Guga na biyu ya fito cike, sanyi ƙalau, da kifi guda mai haske a ciki. Gagare ne ya karkata shi cikin kwamin Zungai, fuskarsa a murtuke, amma bai zubar da ko ɗigo a ƙasa ba.

Ruwan bai wadata ba. Kowane gida tulu biyu a yini, shanu kuwa sau ɗaya. Amma mutuwa ta tsaya, masu suka koma jikin bango.

Na zauna wata guda ina gyara bakin rijiyar. A cikin wannan watan Gagare ya fara kawo mini nono da nama. Rannan ya zauna kusa da ni ya ce, "Malam Tunau, a kwarin kiwonmu akwai wata tsaga a jikin dutse, iskar da ke fita cikinta sanyi gare ta. Na ga har gansakuka ta fito a wurin. Me gwani zai ce?"

Na ce, "Gwani zai ce dutse yana numfashi." Ya yi murmushi, ya ce zai dawo gobe mu je in gani.

Da sassafe Kyallu ta aiko kirana. Na tarar da ita a bayan gari riƙe da takarkari, an ɗora masa salka biyu da guzuri, da dagina da igiyata a ɗaure.

Ta ce, "Gagare ba wawa ba ne. Yau zai roƙe ka, gobe ya yi maka kyauta, jibi ya ɗaure ka. Shi kaɗai zai yi shekara yana sara bai dace da wurin ba, amma da kai kwana tara ne. Ka bi ta arewa, akwai mashigi a can."

Na ce, "Inna, ke ma ai kin san wurin."

Ta ce, "Na sani. Kullum na kai shanu kwarin nan sai na dube shi. Wata rana da safe nakan ji kamar in kira samari." Ta miƙa mini igiyar takarkarin. "Ni zan iya da Gagare, zan iya da kaina. Amma ba zan iya da mu biyu ba in kana nan. Tafi, ɗan nan, Allah ya tsare hanya."

Na durƙusa na yi mata sallama, na ja takarkarina. Ban yi wa Barmo bankwana ba, ban karɓi ladan kowa ba, kuma ban ji an cuce ni ba. Da na kai kan tudun arewa rana ta ɗaga, na tsaya na waiga. Bijimai takwas na gangarowa a jere, igiya ta miƙe a bayansu. Na ji mai kora ya yi kira daga ƙasa cewa a shirya, wani ya amsa masa daga kan dutse cewa guga ya iso. Na tsaya har aka zuba guga biyu, sannan na juya na fuskanci hanya.